Ɗigon Haske

A kan amalanken ƙanƙarar jikanta ta jawo shi,
naɗe cikin bargo kamar mai zazzaɓi,
tun daga gangaren Pispala har ƙofar shagona.
Sinikka Rautio, shekara saba'in da huɗu.
Ta ce, "Aulis, an ce hannunka bai mutu ba."
Na ce hannu da sauransa,
ido ne ya fara sallama.

Kusoshi shida na kwance a bayansa.
Ƙura ta yi shimfiɗa, gizo ya yi gida ya tashi,
ga wani maɓallin riga, Allah kaɗai ya san mai shi.
Kwalabe goma sha bakwai tsaye a sahu,
ba komai cikinsu, ko iska an zuƙe,
amma ta cikin wofin nan wuta ke bi ta zama fuska.
Uku sun yi furfura a ka.
Iska ce ta shige su.
Abin da ke rayar da mu, su shi ke kashe su.

Ban taɓa babban gilashin ba sai da na sauke masa fushi.
Tsohon maciji ne, yakan ajiye dafi.
Tabon yana nan a babban yatsana tun ina yaron shago.

Mako biyar.
Ƙarfe uku na rana duhu ya rufe Tampere,
ni da fitila, da dalma, da gahawa mai sanyi.
Kwandansa ɗaya bayan ɗaya, duk sun yi gumin kakin zuma,
na cire, na sa, na liƙe,
hayaƙi na murɗawa ya shige mini hanci.
Veikko ya aiko kwalba biyu daga Turku cikin safar ulu,
ta ukun na same ta a aljihun teburina,
inda ta yi shekaru tana jiran a tambaye ta.

Ba a tada mai dogon barci da ihu.
Kaɗan-kaɗan na ba shi wuta, kamar kunu ga majinyaci.
Shiru.
Sai ja ya fara tsatsowa a cikin kwalabe,
garwashi goma sha bakwai,
sai wani siririn fito da kunnen tsoho bai kamata ya ji ba,
sai ƙamshin ƙura mai ɗumi.
Gilashi ya buɗe ido.

Dusar ƙanƙara kawai.
A waje ita, a ciki ita.
Tashoshin da ya sani duk sun yi ƙaura,
babu mai magana da harshensa a sararin sama.

Da ta zo na fara ba ta haƙuri:
akwai ɗan akwati da za a haɗa, hoto zai fito.
Ta ɗaga hannu, safar ba ta ko cire ba.
"Ba kallo na zo yi ba. Kashe shi."

Na murɗa.
Duk farin ya tattaru, ya tsuke,
ya koma ɗigo guda a tsakiya, kamar ƙwayar shinkafa.
Leɓɓanta na motsi.

"Sha tara," in ji ta, da ya ɓace.
"In Baba ya kashe da dare, ni da Onni mukan ƙirga.
Ya taɓa kai ashirin da uku, ko ya yi mini ƙarya.
Bara muka binne shi. Ba wanda zan tambaya."

Ni na san ɗigon nan aibi ne.
Yana cin gilashi a hankali,
waya biyu da minti goma sun isa su kawar da shi.
Na dubi ƙarfen liƙi, na zare shi daga soket.

Ta jawo kujera, ta kwance gyale.
"Sake kunnawa," ta ce.
"Bari ya yi zafi sosai tukuna."